Tsohon injin wanke-wanke: ɗaurayar farko tana da amfani kuwa?

Maman_Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu sanin tsofaffin kayan kicin ku taimaka min da shawara. Gidan da muka koma wata uku da suka wuce mun tarar da injin wanke-wanke a jikin kantar kicin, mai gidan yace tun ƙarshen shekarun 1970 yake wurin ba a taɓa cire shi ba. Cikinsa ƙarfe ne mai farin fenti mai sheƙi irin na tsofaffin kwanuka, babu sikirin babu komai, abin murɗawa ne guda ɗaya sai madannai huɗu a jere, in ka tashe shi ƙararsa har falo amma wallahi ina sonsa, dan ranar da yayi wanki mai kyau faranti har ƙara yake in ka goga masa yatsa.

To matsalar ita ce mu ba mu da yawa, ni da maigida sai yara biyu ƙanana, kafin injin ya cika sai mun tara kwanukan kwana ɗaya da rabi wani lokacin ma biyu. A cikin madannan akwai wanda aka rubuta Rinse & Hold a jikinsa, na gane dai ɗauraya ce, na danna shi sau biyu naga minti kaɗan yake yi ya tsaya. Shin ana zuba masa sabulu? Kuma ramukan sabulun biyu ne a jikin ƙofa, ɗaya da murfi ɗaya babu, ni kuma sabulun da nake da shi irin dunƙulen nan ne guda-guda, na rasa inda zan sa shi sai in jefa shi ƙasan injin kawai in rufe.

Maigida shi a ganinsa duk wannan wahala ce, a ɗauraye komai tas a famfo kafin a jera, haka ya taso yaga ana yi. Ni kuma na sha jin ana cewa kar a ɗauraye kwano kafin a sa a inji, wai sabulun yana buƙatar datti, wai kuma injin yana da abin da ke auna dattin ruwa in yaji ruwan fes sai ya rage wanki. To wannan maganar ta shafi tsoho irin nawa? Mun fi sati biyu muna wannan musun.

Abu na ƙarshe, tambulan ɗina na gilashi sun fara yin hazo kamar an shafa musu madara, kuma in kwanuka suka kwana biyu a ciki ina buɗewa sai wani wari ya buge ni. Bana so in lalata injin da hannuna bayan yayi shekara 40 da ɗoriya yana aiki. Na gode.

Tsohon_Mai_Gyara ya rubuta:

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin yi dace, irin waɗannan injinan na daɗe ina kwance su ina haɗawa, kuma in aka kula da su ba sa mutuwa da wuri. Bari mu fara warware zare da abawa, domin abu uku ne mutane ke kira ɗauraya suna cakuɗa su wuri ɗaya. Akwai ta hannu a famfo wadda maigidanki ke so, akwai ta wancan madannin da kika danna, sannan akwai wadda injin ke yi da kansa a farkon cikakken wanki ba tare da kin ce masa komai ba, ita ce ma tafi muhimmanci kuma ita ce kike ɓarar da sabulunki a cikinta.

Ga yadda abin yake. Bayan wancan abin murɗawar akwai ƙaramin moto da ke juya wasu fayafayai masu tudu da kwari, suna taɓa ƙarafuna suna kunna wannan su kashe wancan, shine taima. Ba ya gani ba ya ji, ko kin cika injin da maiko ko kin bar shi fanko lokaci iri ɗaya zai ba ki ba ƙari ba ragi. Sensar da ke auna dattin ruwa sai wajen tsakiyar shekarun 1990 ta fara shigowa injinan gida, saboda haka wancan ɓangaren maganar da kika ji bai shafe ki ba ko kaɗan. Abin da taima ke yi shine ya buɗe ruwa, ya fesa, ya zubar, ya sake ɗiba, haka sau biyar ko shida ko bakwai kafin ya gama. Cikon farko, a wasu injinan har na biyu, aikinsu kwashe babban datti ne su fitar da shi waje tun kafin a zo ainihin wankin. Ramin da ba shi da murfi na wannan cikon farkon ne, kina rufe ƙofa garin sabulun zai zube ƙasa. Mai murfin kuma taima ne ke sakinsa da kansa idan an zo babban wanki, in kika kasa kunne zaki ji wata 'yar ƙara kamar tarko ya fyaɗe, shine murfin ya buɗe.

To kinga idan kika jefa dunƙulen a ƙasan inji yawancinsa a ruwan farko zai narke, bayan 'yan mintoci a zubar da shi a magudana, babban wankin kuma a yi shi da ruwan zafi zalla. In dunƙulen kawai gare ki ki sa shi a rami mai murfi in ya shiga, ki tabbatar ramin a bushe yake kar ya manne. Amma gaskiya waɗannan injinan da gari aka ƙera su, ki nemi garin sabulun inji ki zuba a ramukan biyu, kaɗan a buɗaɗɗen, daidai a mai murfin. Kuma dan Allah kar a kuskura a sa sabulun wanke-wanke na hannu ko na wankin kaya, kumfa zata cika cikin ta fito ta ƙasan ƙofa, famfon ciki kuma ba zai iya tura kumfa ba.

Shi kuma Rinse & Hold ba a sa masa sabulu sam. Ciko ɗaya ne ko biyu, ya fesa ya zubar ya tsaya, ba ya busarwa, an yi shi ne dan irin halinki, wato kwanuka kaɗan da zasu jira a cika. Amfaninsa kar abinci ya bushe ya zama ƙanzo a jikin faranti. Idan kika zuba masa sabulu ba ruwan da zai biyo baya ya wanke shi, zai kwana a jikin kwanuka da cokula yana cinsu. In kuma kin riga kin cika rami mai murfi ba laifi, a wannan zagayen taima ba ya sakinsa, sai dai danshi na iya sa garin ya dunƙule, gara ki bari sai zaki yi babban wankin ki zuba.

Maganar maigida kuwa, ki gaya masa cikin ladabi cewa lissafi ba ya bayansa. Famfon kicin in an buɗe shi sosai yana iya zubar da wajen lita 8 a minti ɗaya, cikon injinki ɗaya kuma bai wuce haka da yawa ba, wajen galan 2 ne ko sama kaɗan. Mutum ya tsaya minti biyar yana ɗauraye farantai ɗaya bayan ɗaya ya ɓarar da ruwan da ya ninka na madannin nan sau da yawa. Abin da ake so da hannu kankarewa ce, a sa cokali a kwashe ragowar abinci, ƙashi, tsinken sakace, 'ya'yan lemo, takardar da ke jikin kwalba, waɗannan su ke toshe ƙananan hudojin farfelar da ke fesa ruwa. Sauran ki bar wa inji.

Wani abu da mutane ke mantawa, in injinki irin na Amurka ne da aka jona da bututun ruwan zafi, a zamaninsa ana sa ran ruwa ya shigo masa da zafin digiri 60, wato 140 a ma'aunin Farenhait, hitar ciki ba ta da lokacin da zata dafa ruwan sanyi tun daga farko. Kafin ki tashi babban wanki ki buɗe famfon zafi na kusa da shi har sai ya ɗau zafi sannan ki murɗa. Na Turai yawanci ruwan sanyi suke sha su dafa da kansu. Amma lokacin ɗaurayar jira kar ki damu da zafi, ruwan da bai yi zafi ba ma yafi, domin zafi dafa ƙwai da madara yake a jikin faranti su ƙara kamawa.

Uwargida_Mai_Tsafta ta rubuta:

Baba Mai Gyara Allah ya ƙara basira, na ƙaru sosai da bayanin ramukan nan. Amma ni a kan madannin jira ɗin ina da ja, kuma daga abin da ya same ni nake magana. Nima tsoho gare ni, shekara da shekaru kullum dare sai na danna shi ina ganin tsafta nake yi, ashe jiƙa kayan nake ina rufe su cikin akwati mai ɗumi babu iska har kwana biyu. Warin da Maman Biyu ke faɗa na san shi sarai, warin danshi ne da guntun abincin da ya sauka ƙasa ya kwanta a rariyar inji. Abin da yafi min ciwo kwandunan da ake jera kwanuka, ƙarfe ne aka lulluɓe da roba, duk inda robar ta tsage a kan tsinkayen nan ruwa ya shiga sai tsatsa, kafin in ankara tsinke uku sun karye kuma jan tsatsar yana ɗiga a kan fararen farantai na. Kwandon tsohon inji kuwa samunsa ba ƙaramin aiki bane.

Yanzu abin da nake yi, in kankare in jera in bar ƙofar a ɗan buɗe, in bai cika ba zuwa washegari da dare in tashe shi a haka ko da rabi ne. Kuma 'yar'uwa ki duba farin fentin cikin naki da kyau musamman ƙasa da bakin ƙofa, in akwai inda ya ɓantare har baƙin ƙarfe ya fito ki nemi abin shafawa na gyaran fentin ki toshe tun wuri, dan daga nan yake fara hujewa, ranar da ya huje kuwa shikenan. Tsinkayen kwandon ma akwai 'yan huluna na roba da ake sa musu.

Wurin da na yarda da madannin shine cokula. Gishiri da abu mai tsami irin lemon tsami ko khal in suka kwana a jikin cokalin silba sukan yi masa ɗigo-ɗigo, na azurfa kuma ƙwai ne ke baƙanta shi. Amma su ma ai kofi ɗaya na ruwa ya ishe su, ba sai na tashi inji guda ba.

Dalibin_Kimiyya ya rubuta:

Salam. Anti Maman Biyu ni ta ɓangaren sabulu zan shigo, saboda rabin rikicin nan daga can yake, injin bai canza ba sabulun ne ya canza a ƙarƙashinsa.

Lokacin da aka ƙera injinki garin sabulun da ake sayarwa cike yake da fosfet, ga kuma bilic na kulorin. Fosfet yana kama sinadaran da ke sa ruwa nauyi, wato kalsiyam da magniziyam, ya kuma riƙe datti a cikin ruwa kar ya koma jikin kwano, kuma nan take yake aiki, shi yasa wankin da bai kai awa ɗaya ba yake isa. Matsalarsa in ya gangara koguna da tafkuna taki yake zama wa gansakuka, ta yi yawa ta cinye iskar da kifi ke shaƙa. A watan Yulin 2010 jihohi fiye da goma a Amurka suka taƙaita shi zuwa kashi 0.5 cikin ɗari, kamfanoni kuma suka cire shi daga kayansu na ƙasar baki ɗaya, Tarayyar Turai ita ma ta bi sahu daga Janairun 2017. Abin da yafi ɗaukar nauyin aikin yanzu enzayim ne, akwai mai narkar da furotin irin ƙwai da nama, akwai mai narkar da sitaci. Su kuma enzayim a hankali suke cin abu, suna son lokaci, shine ɗaya daga dalilan da yasa sabon inji yake kai awa biyu ko fi yana juya ɗan ruwa kaɗan, a Amurka tun 2013 doka ba ta yarda ya wuce galan 5 ba, alhali irin naki yana shan galan 10 zuwa 15 ya gama da wuri da ƙarfin ruwa.

To in kika haɗa sabulun zamani da gajeren wanki, kowane minti yana da daraja. Shi yasa nake goyon bayan Baba a kan zuba gari a buɗaɗɗen rami, kin ƙara wa sabulun lokacin aiki kenan tun daga ruwan farko, kuma maiko ya fita da wuri ba zai cinye ƙarfin sabulun babban wanki ba. Dunƙulen an tsara shi ne ya narke a dogon zagaye, a tsohon inji wani lokacin ana zubar da ruwan bai gama aikinsa ba. Ki kuma karanta jikin kwalin, na ruwa mai kauri sau da yawa ko dai bilic ne a ciki ko enzayim, ba sa zama tare domin kulorin kashe enzayim yake, saboda haka kar ki ce zaki ƙara bilic da kanki a kan sabulu mai enzayim.

Sai hazon tambulan. Iri biyu ne kuma maganinsu kishiyar juna ne, dole ki gane wanne ne naki kafin ki yi komai. Ki ɗauki guda ɗaya ki jiƙa shi a farin khal na minti biyar ki goge. In ya washe, farin dasashin ruwa mai nauyi ne irin wanda ke taruwa a gindin butar shayi, wannan sabulu ne yayi kaɗan ko bai kai babban wanki ba, kuma da yadda kika ce kina jefa dunƙulen ƙasa na fi zaton shine. In kuma bai washe ba, ko kika ɗaga shi a haske kika ga launi kamar bakan gizo, to gilashin ne kansa ya ciwu kuma ba ya dawowa. Wannan yana faruwa ne in ruwa mara nauyi ya haɗu da sabulu mai yawa da zafi sosai, ga kwanuka an riga an wanke su tas a famfo, sabulun bai sami dattin da zai kama ba sai ya koma kan gilashi. Kinga a nan maganar "sabulu yana buƙatar datti" tana da ƙamshin gaskiya ko a tsohon inji, ba dan sensa ba, dan gilashi. Duk wanda ya dage sai ya ɗauraye da hannu to ya rage sabulu sosai.

Mai_Tara_Tsofaffi ya rubuta:

Ni dai roƙona kar ki bari kowa ya ce ki jefar da shi. Tun injin da Josephine Cochrane ta yi wa rajista a 1886, wanda ta nuna a baje kolin Chicago na 1893, dabarar ita ce ƙarfin ruwa ya yi aikin da hannu ke yi, kamfaninta ne daga baya ya koma hannun kamfanin Hobart, su kuma suka fitar da injin KitchenAid na gida a 1949 suka ci gaba da ƙera shi har zuwa 1986 da Whirlpool ta saye sunan. Na wancan zamanin, da su GE Potscrubber da Maytag mai jera farantai a kwandon sama, motocinsu manya ne, ruwa suke watsawa kamar da bakin ƙwarya, an yi su ne dan su karɓi kwano da dattinsa. Mutum ya wanke kwano tas sannan ya sa a irin wannan inji ai ya hana shi aikin da aka ƙera shi dominsa. Wasu ma suna da madannin jiƙa tukwane daban, ki duba ko cikin huɗun naki akwai shi, shi kam ana zuba masa sabulu. In da hali ki sa mana hoton gaban injin mu gani.

Tsohon_Mai_Gyara ya rubuta:

Uwargida maganarki gaskiya ce ban musa ba, na ga kwanduna da yawa da danshi ya cinye. Amma laifin ba na madannin bane shi kaɗai, rufe ƙofa ruf bayan an gama ne, da kuma rariyar da ba a wankewa. In aka yi ɗaurayar aka saki sakatar ƙofa aka bar ta a ɗan buɗe kamar faɗin yatsa biyu, wari ba ya taruwa. Inda nake tsayawa shine, kwanukan da za a wanke a ranar ba sa buƙatarsa, a kankare kawai. Waɗanda zasu kwana kuma akwai ƙwai ko sitaci ko madara a jikinsu a danna sau ɗaya, ba bayan kowane cin abinci ba. In abin zai kai kwana biyu to na bi bayanki, a tashi injin ko bai cika ba.

Kuma akwai wani amfani da ba a faɗa. A ƙarƙashin farfelar ƙasa inda sandar moto ta shigo akwai sil da ke hana ruwa sauka kan moto, shi wannan sil ɗin zama a bushe ne ke kashe shi. Yawancin tsofaffin da aka kawo min suna yoyo ba aiki ne ya kashe su ba, ajiya ce, an bar su wata da watanni ba a tasa ba. Saboda haka Hajiya in kika ga ɗan ruwa mai tsabta ya rage a can ƙasan rami bayan an gama kar ki tsane shi, haka aka yi shi. In kuma zaki yi kwanaki ba ki yi wanki ba, wannan gajeren zagayen ya isa ya jiƙa sil da robar ƙofa sau ɗaya a sati. Amma in ruwan da ya rage mai datti ne ko ya haura har kan rariya, ki duba tiyon da ke fitar da ruwa, ya kamata ya hau sama har ƙarƙashin kanta kafin ya sauko ya shiga magudana, in yana kwance a ƙasa ruwan wurin wanke-wanke ne ke dawowa cikin inji, shima babban dalilin wari ne.

Sai gargaɗi ɗaya kan abin murɗawar, dan na san za a yi sha'awar tsallake ɗaurayar farko a kai shi babban wanki kai tsaye. In zaki murɗa ki fara sakin sakatar ƙofa wuta ta yanke, ki murɗa ta hannun da agogo ke bi kawai, kar ki taɓa mayar da shi baya. Murɗawa da wuta a jiki yana ƙona ƙarafunan ciki, taima kuwa shine abin da yafi wuyar samu a jikin injin gaba ɗaya. Ni ma dai bana ba da shawarar tsallakewar, ruwan farkon nan shi ke ɗumama cikin injin da kwanukan kafin sabulu ya sauko.

Maman_Biyu ta rubuta:

Jama'a Allah ya saka da alheri, wallahi ban zaci zan samu bayani haka ba. Na bari sai da na gwada kwana huɗu kafin in dawo. Baba na samo garin na zuba a ramukan biyu kamar yadda kace, na kuma buɗe famfon zafi tukunna, na tsaya kusa da shi har naji ƙarar murfin nan da ka faɗa, bambancin a fili yake ko kofunan yara da madara ke kamawa sun fita fes. Ƙanina Dalibi na yi gwajin khal, cikin tambulan shida biyar sun washe tas, ɗaya ne ya ƙi, kuma shine wanda muka zo da shi daga tsohon gida dama can yana da ɗan hazonsa.

Rariyar kuwa da na ciro ta sai da na riƙe baki, maiko ne ya yi kauri a ƙasanta har da guntun gilashi da wani murfin kwalba, na wanke ta da tsohon buroshi na bi hudojin farfela da tsinke, huɗu a toshe suke. Tiyon ma na leƙa, a kwance yake a ƙasa kamar yadda Baba ya zata, maigida ya ɗaga shi ya ɗaure a sama jiya da daddare, yau da safe na buɗe babu warin. Shi da kansa ya karanta lissafin ruwan famfo, yanzu kankarewa yake yi, tukunya ce dai har yanzu yake jiƙawa da hannu ni kuma ban hana shi ba.

Anti Uwargida na duba fentin da tocila, akwai wuri ɗaya ƙarami kamar ƙwayar wake a kusurwar hagu ta ƙasa ya fara ja, da tsinke biyu a kwandon ƙasa da robarsu ta tsage. Kafin in shafa abin gyaran sai na kankare tsatsar har ƙarfe ya fito fari ko a kanta ake shafawa? Kuma kwana nawa zan bar shi ya bushe kafin in sake tasa injin? Hoton gaban zan sa anjima in yara sun yi barci, na huɗun madannan an rubuta Soak a jikinsa, wato jiƙawa.